Likita ya ce a duba min dubura saboda sankara, tsoro da kunya sun hana ni komawa

Mai kula da zaure: Wata baiwar Allah ce ta turo wannan ta bayan fage, ta roƙi a sakaya sunanta. Mai shawara ya bayar cikin mutunci. Wanda ya kawo ba'a ko shaguɓe zan goge, in fitar da shi.

"Assalamu alaikum iyayena da ƴan'uwana. Ni mace ce mai shekara 47, a nan cikin garin Damagaram nake, na aurar da ƴaƴa har na ga jikoki. Na daɗe da cutar sida a jikina, ina shan maganina ba fashi, kuma alhamdu lillahi gwajin baya-bayan nan ya nuna ta kwanta. Shekarun baya an taɓa ganin wani tabo a bakin mahaifata, aka ƙone shi, aka ce da an bar shi yana iya rikiɗewa ya zama sankara.

A randebu ɗina na watan jiya likitan da ke bibiyata ya ce, da shekaruna da wannan tarihin nawa, ya kamata a riƙa duba min dubura ita ma, wai sankarar wurin ta fi samun masu irin lalurata. Ya ce ba wani abu ya gani ba, neman sani ne tun da wuri. Na ce to. Tun da na fito ban sake waiwayar wurin ba.

Ga dalilina. Bayan haihuwar autana na yi fama da basir, aka kai ni wani asibiti, ba sai na kama suna ba. Ba wanda ya gaya min abin da za a yi. Kwanta, juya, iyakar abin da na ji ke nan, ga ƙofa ba a rufe ba, ga masu koyon aiki a tsaye a kaina. Azabar da na sha ranar da kunyar da na ji har yau ba su sake ni ba. An ce tsoro na daji, kunya na gida, to ni duka biyun sun taru a kaina.

Don Allah masu sani, dole ne sai an ji wannan zafin? Akwai abin da zan sha ko in shafa kafin in je? Ina da ikon cewa mace nake so ta duba ni? Ko in haƙura kawai, tunda ba jini nake gani ba, ba ciwo nake ji ba?"

Maman Abba: Wa alaikumus salam. Allah sarki ƴar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni ban san komai a kai ba, na dai tsaya in ji, don ko awon ciki ne sai na kwana ina zulumi.

Tanti Rabi, Zengo: Ƙanwata, sannu. Aikin jinya na yi har na yi ritaya, na sha tsayawa a kan marasa lafiya ana yi musu wannan dubawar. Abin da aka yi miki a can baya ba haka ake aikin ba. Rufe ƙofa, rufa miki zane, gaya miki abin da za a yi kafin a taɓa ki, duk cikin aikin suke, ba alfarma ba ce.

Ki fara komawa ki tambayi likitan wace dubawa yake nufi, don ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta yatsa: ya sa safar hannu, ya shafa man santsi, ya zagaya ciki da yatsa ɗaya yana neman ƙullutu ko wurin da ya yi tauri. Minti 1 ne, wani lokaci bai ma kai ba. Akwai ta ɗan tsinke mai laushin kai, irin wanda ake ɗibar samfuri da shi a bakin mahaifa. Ana jiƙa shi da ruwa, a shigar kamar santimita 5, a riƙa juya shi ana fito da shi, sai a aika labo. Wannan ba zafi gare shi ba, karta ce dai marar daɗi, don ba a sa masa mai. Man yana ɓata samfurin, shi ya sa in duka biyun za a yi, da tsinken ake farawa. Ta uku ita ce ta ɗan bututu, anuskop, a leƙa ciki da fitila.

Yanzu maganar zafi. Bakin dubura zobe biyu ne na tsoka. Na ciki ba ya jin umarninki, da kansa yake aikinsa. Na waje ke ke da iko da shi, kuma da mutum ya tsorata shi ne farkon abin da ke tsukewa, kamar an ja zariyar wando. In aka tura yatsa da gaggawa a kan tsokar da ta tsuke, dole a sha azaba, kuma ina kyautata zaton abin da ya same ki ke nan, ga ɗanyen jiki na mai jego, ga basir. Wanda ya iya aikin yakan ɗora yatsa a bakin wurin, ya ɗan danna a hankali, ya jira. Cikin ƴan daƙiƙu tsokar za ta saki da kanta, sannan ya shiga.

Naki aikin kuma, ki kwanta ta gefen hagu, ki naɗo gwiwoyinki wajen ƙirji. Ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi ta baki a hankali. Kar ki riƙe numfashi, kar ki cije haƙora, ki saki kafaɗu. Lokacin da zai shiga ki yi ɗan yunƙuri kamar za ki yi bayan gida, wannan yunƙurin shi ke buɗe zoben. Na san abin da zai zo miki a rai, kar wani abu ya fito. Yawanci jin haka ne kawai, ba ya fitowa. In ma ya fito, ko iska ce ta kuɓuce, wallahi ko kai ba ma ɗagawa, aikinmu ne kullum.

Akwai man kashe zafi, lidokayin, a farmasi an fi saninsa da Xylocaïne. In babu a wurin ki roƙi likitan ya rubuta miki ki saya ki tafi da shi. Su za su shafa miki, a ba shi minti 3 zuwa 5 ya kama. Kar ki shafa da kanki daga gida, saboda samfurin da na faɗa.

Amma abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan. Kafin ki kwanta, tun kina zaune a kujera da suturarki a jikinki, ki ce masa: "Likita, an taɓa ji min ciwo a irin wannan dubawar. Ina so ka riƙa gaya min kafin ka yi komai, in na ce tsaya ka tsaya." A abin da idona ya gani, wadda ta san in ta ce a tsaya za a tsaya, da wuya ma ta ce a tsaya ɗin.

Hajiya ta Birni: Ƴata, mu abin da muka gada, ki tafasa bagaruwa ki zauna a ciki da asuba, ki wanke ciki sosai da ruwan ɗumi, ki shafa man kaɗanya. Wata maƙwabciyata ma tramol guda ta haɗiya kafin ta je, ta ce ba ta ji komai ba.

Tanti Rabi, Zengo: Hajiya, ranki ya daɗe, a yi min afuwa, nan kam zan saɓa miki. Awa 24 kafin a je kada a sa komai a wurin, ba ɗurar ruwa, ba mai, ba maganin cusawa. Abin da tsinken ke nema ƴan ƙwayoyin fata ne da ke manne a ciki. In an wanke su ko mai ya lulluɓe su, sai a ce samfurin bai yi ba a sake, kin ga wahala ta zama biyu. Tsarkin yau da kullum da ruwa ya isa. Bagaruwa kuma tsuke fata take yi ta busar da ita, mu kuwa sakewa muke nema. Tramol a bar shi inda yake. Yana sa jiri, yana busar da ciki, sannan mai shan maganin sida ba ta haɗa shi da wani magani sai likitanta ya sani. Ta karya kumallonta yadda ta saba, ba a cewa a zo da yunwa. In bayan gida ya zo da safe ta yi, in bai zo ba kar ta matsa wa kanta. Ta dai yi fitsari kafin ta shiga.

Hajiya ta Birni: To madalla, mai ilimi ya faɗa. Na janye tramol ɗin. Bagaruwa dai tana da ranarta.

Abdu Mirriya: A gafarce ni, tambaya ce ba zargi ba. Ba cewa ake wannan ciwon na masu aikata abin da bai dace ba ta baya ne? Me zai sa a ce uwa mai jikoki ta yi wannan dubawar?

Dokta Habu: Malam Abdu, gara da ka tambaya a fili. Wannan zaton ne ke hana mutane zuwa, kuma shi ke sa wadda ta daure ta zo ta kwanta jiki a sandare, tana jin ana yi mata wani kallo. Jikin da ya sandare kuwa shi ke jin zafi, Tanti ta riga ta bayyana.

Kusan 9 cikin 10 na sankarar dubura ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, musamman nau'in HPV 16, ita ce dai mai kawo sankarar bakin mahaifa. Ƙwaya ce da ta yaɗu ƙwarai. Mafi yawan manya sun taɓa haɗuwa da ita ba su sani ba, jiki ya kore ta da kansa. A jikin mace tana iya tashi daga gaba ta kai baya ta fata kawai, saboda kusancin wuraren, ba tare da an taɓa yin komai ta nan ba. Cikin mutum wajen 50,000 da ake ganowa da wannan ciwo a duniya kowace shekara, mata sun fi maza yawa. Wanda garkuwar jikinsa ta taɓa yin rauni, kamar mai sida ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ƙwayar ta fi daɗewa a jikinsa. A 2024 ƙungiyar likitocin duniya masu nazarin wannan ciwo ta ba da shawarar a fara duba mata masu sida daga shekara 45. Baiwar Allah nan tana da 47, ga tarihin bakin mahaifa. Likitanta ya yi daidai, kuma ba abin da ya zarge ta da shi.

Yaya mai tambaya, maganar mace ta duba ki, ki tambaya, haƙƙinki ne. Sai dai ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, ba kullum ake samun likita mace a kan aiki ba. In ba a samu ba, ki ce ma'aikaciya mace ta tsaya a ɗakin, ko ki shiga da wadda kika amince da ita ta riƙe miki hannu. Ɗalibai kuma kina iya cewa ba ki so, ba wanda zai hana ki magani don haka. Mu ma da muna koyo an sha cewa mu fita, muka fita, ga shi mun zama likitocin. Ki sa zane da riga maimakon doguwar riga, don a ɗaga iya wurin da ake buƙata kawai. In kuma ranar ta faɗo kina al'ada kuma hankalinki bai kwanta ba, ki nemi a ɗaga.

Malama Hadiza: Ƴar'uwa, ta ɓangaren addini kada ki sa wa ranki damuwa. Malamai sun halatta buɗe al'aura don magani gwargwadon lalura. In an samu mace ita ta fi, in babu, namiji amintacce ya duba, a rufe sauran jiki, kuma kada a bar ku ku biyu kaɗai. Kin ga abin da Dokta ya ce na a tsayar da mace a ɗakin ya dace da shari'a ma. Wanka bai hau kanki ba, ki yi tsarki ki sake alwala. In kina azumin Litinin da Alhamis, ki zaɓi wata ranar, ko ki ajiye azumin ranar don ki fita daga saɓanin malamai. Ki riƙa hasbunallahu a zuci kina bin numfashin da Tanti ta koya miki.

Zainabu: Yaya, ni an yi min ta ukun, har da na'urar ƙara girman gani, a nan Faransa inda nake aure, bayan gwajin tsinken ya nuna wasu ƙwayoyi da ba su gamsu da su ba. Bari ki ji daga bakin wadda ta kwanta a gadon.

Bututun na roba ne, kaurinsa wajen santimita 2, an lulluɓe shi da mai. Da ya shiga nauyi na ji, kamar bayan gida ya matse ni, amma ba zafi ba. Ta cikinsa aka sa ɗan ƙyalle da aka jiƙa da ruwan binegar marar ƙarfi, aka zare bututun, aka bar ƙyallen minti 1 ko 2. Shi ne ya ɗan yi min raɗaɗi da wani sanyi-sanyi. Likitar ta ce ruwan ne ke sa wurin da ya fara lalacewa ya yi fari a gane shi. Wani lokaci suna ƙarawa da aidin, shi ya sa tun farko ta tambaye ni ko jikina yana ƙin aidin, ko robar safar hannu, ko man kashe zafin. Sai ta mayar da bututun tana dubawa lungu-lungu tana yi min hira. Duka-duka kamar minti 20.

Abin da ya ba ni mamaki gutsurar naman da aka yi don gwaji. Na ji ɗan ƙarar ƙarfen, amma jikina bai ji komai ba. Ta ce can ciki, sama da wani layi, fatar ba ta da jijiyoyin jin zafin yanka. Ta wajen baki ce mai ji, kuma nan sai an yi allurar kashe zafi kafin a taɓa. Bayan nan na ga ɗigon jini na ƴan kwanaki in na yi bayan gida. Parasetamol kawai na sha, ina zama cikin ruwan ɗumi zalla, aka ce in nisanci aspirin don yana ƙara jini. Na kuma roƙa a bar ni da wayata, na sa abin kunne a kunne ɗaya ina sauraron wa'azi, ɗayan na bar wa likita. Ya ɗauke min hankali sosai.

Inna Mariya: Ni dai a ganina da muguwar rawa gara ƙin tashi. Lafiyarta lau, tana shan maganinta, me zai sa ta je ta tono abin da ke kwance? Zainabu a Faransa take. Mu nan in an gano ɗin ma, ina kuɗin magani?

Dokta Habu: Inna, maganar kuɗi gaskiya ce, ba zan kauce mata ba. Amma in aka yi lissafin har ƙarshe, jiran ne ya fi tsada.

Wannan ciwon ba dare ɗaya yake faɗowa ba. Fatar wurin takan fara canzawa shekaru kafin ta zama sankara, kuma duk tsawon lokacin mutum ba ya jin komai. An yi wani babban bincike a Amurka mai suna ANCHOR, sakamakonsa ya fito a 2022. Mutum 4,446 masu sida da aka samu da irin wannan canjin fata aka raba biyu. Rabi aka yi wa wurin magani, yawanci ƙonawa a ɗakin likita, rabi ana sa musu ido kawai. A cikin waɗanda aka yi wa magani, kamuwa da sankara ta ragu da kashi 57 cikin 100. Irin abin da aka yi wa baiwar Allah nan a bakin mahaifa ne, kuma ga ta da jikokinta.

In ma ta riga ta zama sankara, ƙaramin ƙullutu da babba ba ɗaya ba ne. A da maganin shi ne a cire duburar gaba ɗaya, mutum ya ƙare rayuwarsa da jaka a gefen ciki. A 1974 wani likita a Amurka, Norman Nigro, ya nuna cewa haɗa ƙarin ruwan maganin sankara, wanda muke ce wa shimiyo, da gashin na'ura yana narkar da ƙullutun, har daga baya aka daina yin tiyatar ga mafi yawan marasa lafiya. Har yau shi ne ginshiƙin maganin. Gashin nan tun 2021 ana yin sa a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai. Amma Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, ga kuɗin mota, ga masauki, ga makonni 5 zuwa 6 na jinya, ga mai jinya da zai bar sana'arsa. Inda babu irin na'urar da aka duba Zainabu da ita, shawarar masana ita ce a riƙa yin ta yatsa akai-akai, don yatsa yana jin ƙullutu tun yana ƙarami. A duk abin da na lissafa babu mai arhar dubawar yatsa.

Mai kula da zaure: Wani bawan Allah ya turo wannan, shi ma a sakaya: "Tunda an buɗe maganar. Ni namiji ne, shekara 52, direba. Watanni ke nan in na yi bayan gida sai in ji kamar ana yanka ni, da ɗan jini. Na sha maganin basir na masu yawo da lasifika har na gaji. Ko taɓa wurin ba na iya yi, balle a ce yatsa. Yaya zan yi?"

Dokta Habu: Yaya, kai naka ya wuce neman sani, kana da alama a hannu, kada ka ƙara jira. Abin da ka kwatanta ya fi kama da tsagewar fatar bakin dubura, wadda taurin bayan gida ke kawowa, kuma mafi yawan jinin da ake gani ta nan basir ne ko tsaga. Sai dai sankarar wurin ma da jini, ƙaiƙayi, ciwo ko ƙullutu take farawa, shi ya sa ake ɓata watanni ana shan maganin basir.

Ba zan yaudare ka ba, ga mai tsaga dubawar yatsa tana da zafi na gaske, numfashi kaɗai ba ya hana shi. Don haka ka faɗa tun kafin ka kwanta. Likita zai buɗa wurin a hankali ya duba da ido. Sau da yawa tsagar a baki take, ana ganinta ba sai an shiga ba. Yana iya ba ka man shafawa da maganin laushin bayan gida, ka dawo bayan ta lafa a ƙarasa dubawar, kuma dawowar nan kar ka tsallake ta don ka ji sauƙi. In yana zargin wani abu amma zafi ya hana shi, ana yin dubawar a ɗakin tiyata bayan allurar baya ko ta barci. Ba a danne mutum.

Tanti Rabi, Zengo: Ku duka biyun, tun daga yau ku gyara ciki. Miyar kuɓewa, kwaɗon zogale ko rama, gwanda, wake, da ruwa mai yawa. Na san ruwan Damagaram sai a hankali, amma na sha dai kar a yi masa rowa, balle direba da ke wuni a zaune cikin zafi. A rage barkono. Bayan gida mai laushi yana sauƙaƙa dubawar, yana sauƙaƙa abin da ke bayanta.

Mai kula da zaure: Baiwar Allah ta farko ta dawo da wannan:

"Na gode, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan iyaye. Na je. Na tafi da ƙanwata, ita kaɗai ta san lalurata a gidanmu. Maganar da Tanti ta koya min sai da na maimaita ta a kan kabu-kabu, amma da na zauna gaban likita murya ta ƙi fita, ƙanwata ce ta fara, ni na ƙarasa. Bai nuna wani mamaki ba. Ya kira wata ma'aikaciya, ta sa sakata, ta rufa min zanena. Aka shafa man aka jira. Ya ce zan taɓa, ya taɓa, ya ce yi yunƙuri, na yi. Sau ɗaya na ji jikina ya tsuke na ce tsaya, ya tsaya har na saki numfashi, ya ci gaba. Ta yatsa ce kawai ya yi. Daɗi kam babu, amma ko kusa da na wancan karon bai kai ba. Ya ce bai ji wani ƙullutu ba, ya rubuta a karne ɗina a sake baɗi, in kuma na ga jini ko na ji wani abu kafin nan in zo ba sai randebu ba. Tambaya ɗaya ta rage, Tanti. Tun da na dawo wurin kamar ba nawa ba, ga ɗan ƙaiƙayi. Lafiya dai ko?"

Tanti Rabi, Zengo: Lafiya lau, ƙanwata, barka. Man ne bai gama sakinki ba, zuwa anjima zai wuce. Ki yi tsarki da ruwa zalla ba sabulu, ki tsane da ƙyalle mai laushi, kar ki sosa. In ƙaiƙayin ya wuce gobe, ko wurin ya kumbura ya yi ja, ki koma ki gaya musu, wataƙila jikinki ba ya son man ko robar safar, sai su rubuta a karne don baɗi a canza miki. Bawan Allah direba, kai muke jira yanzu.